Baƙin Ɗigo a Fiffiken Direba

Laraba, da hantsi. Zangon Kumasi, daminar 1956

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Direba yana da ɗigo a fiffikensa na hagu, baƙi wuluk, ƙarami kamar garin masoro. Na ɗauka datti ne a jikin gilashi, na sa bakin zane na goge, sai kifin ya juya, ɗigon ya juya tare da shi. Na durƙusa nan har kokon da na ɗora ya kusa kamawa.

Tun da takarda ba ta san gidanmu ba, bari in gaya mata. Direba kifi ne, kifin mijina. A takarda dai ina iya kiran sunansa ba mai cewa na yi rashin kunya: Iddi. Iddi, Iddi. Lori yake tuƙawa tsakanin Kumasi da Sakunde, can bakin teku. Tun ranar da ya fara ganin tekun nan hankalinsa bai dawo gida duka ba. Ya bi makanikai yana tsintar gilasan gaban matattun lorori, ya haɗa su da ƙarfe, ya liƙe da kwalta, ya yi akwati ya kafa a barandarmu. Duk dawowa sai ya zo da duro cike da ruwan teku, wasu direbobi na ɗauko gishiri da kifi busasshe su sayar, nawa mijin ruwa yake ɗaukowa. Akwatin nan shi yake kira tekunsa. Rabin Zango sun ga teku a barandarmu ba su hau mota ba.

Kifaye huɗu ne a ciki. Amarya rawaya ce, kullum tana ɓuya bayan dutse. Ɗan Kente jikinsa zane-zane. Malam Shiru yana kwance bisa dutse yini guda, ba ya ce wa kowa komai. Sai Direba, babbansu, mai ruwan bula da tabo rawaya kusa da wutsiya. Daga wannan kusurwa zuwa waccan yake yi, ya juyo, ya koma, Kumasi Sakunde, Sakunde Kumasi. Iddi da hannunsa ya kamo shi a ramin dutse, har duwatsu suka yanke masa ƙafa, kuma in a hannu ne, daga yatsansa kaɗai yake karɓar abinci.

Ranar Asabar da 'yan sandan nan suka zo tafiya da shi, ko takalmi bai gama sawa ba. Bai yi mini maganar mota ba, bai yi maganar kowa ba. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Rakiya, su huɗu na bari. In same su." Na ce zai same su. Na faɗa a gaban uwarsa da dukan mutanen gida.

Yanzu ga ɗigo. Ruwa ba ya tsami banza, sai na gano mafarinsa.

Laraba, la'asar

Kwanon da na kai can inda aka tsare shi ya dawo babu komai a ciki. Yana ci ke nan.

Alhamis, bayan asuba

Na hura wa teku iska. Dabarar Iddi ce: robar cikin tayar lori, a cika ta da famfon taya, a ɗora mata dutse, siririn tiyo ya riƙa sakin iskar cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Safe da yamma ake hurawa. Da ina yi masa dariya in yana taka famfon yana haki, yau cinyata ce ke ba da labari.

Ɗigon ya zama uku, ɗaya ya hau wutsiya. Na kwana ina tunani, kuma ina jin na kama ɓarawon: hayaƙi! Tun da aka daina fita da sassafe saboda rikicin gari na dawo da kaskon ƙosaina cikin gida, kusa da baranda. Baƙin hayaƙin nan da ke ɓata mini farin mayafi, me zai hana shi sauka a ruwa ya manne wa kifi? Na kwashe murhu da kasko na kai bayan ɗakin girki, na rufe saman akwatin da tsohon mayafi. Mma Barkisu, surukata, tana zaune kan tabarmarta da carbi tana kallona ina ta kai da kawowa. Ta ce ko amarya ba a yi wa wannan hidima. Na ce ai akwai Amarya a ciki. Ta yi dariya, karo na farko tun ranar Asabar.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Mutane sun cika baranda. Wai gaisuwa suka zo yi wa Mma, amma kowa ya gama gaisuwar sai ya miƙa wuya wajen gilashi, don ya fi sauƙin kallo a kan fuskarmu. Na nuna musu ɗigon, nan take kowa ya zama likita. Wata ta ce kambun baka ne, in rataya laya. Wani ya ce tsufa ne, kamar furfura, sai dai tasa baƙa ce. Wani mahauci ya ce in jefa goro a ciki. Goro, a teku.

Baba Awalu mai gyaran agogo, wanda ke haya a ɗakin ƙofar gida, shi kaɗai ya ce bai sani ba. Na ji daɗin wannan amsa fiye da duk sauran.

Hayaƙi dai ba shi da laifi. Na ɗauke murhu, ɗigon ya ƙaru. Na mayar da kaskona inda yake, na ba shi haƙuri.

Asabar, azahar

Ba kasuwa yau. Ta wajen kasuwar Kejetiya ana jin rikicin, kowa ya kulle ƙofarsa. Ba zan rubuta wannan ba.

Na ɗanɗana ruwan akwatin, na ɗanɗana ragowar na duro, ko gishiri ne ya ragu saboda feshin ruwan sama. Ɗaya suke a harshena. Na duba ko tsatsar ƙarfe ce ke zuba, na bi kusurwa huɗu da yatsa, kwaltar Iddi tana nan daram. Mutumin nan in ya liƙe abu ya liƙu. Na duba ko cizo ne, don Ɗan Kente fitinanne ne, amma cizo yana yaga fiffike, wannan kuwa fiffiken lafiyayye ne, ɗigon ne kawai a kansa.

Abu uku na kore ke nan. Raina ya yi fari kamar na sayar da ƙosai duka kafin hantsi.

Lahadi, da yamma

Amarya ta kamu, Ɗan Kente ma. Kuma na ga sabon abu: Direba yana tafe sai ya kwanta gefe ya goga jikinsa a dutse, fit, ya wuce. Ya dawo ya sake. Ƙaiƙayi yake ji!

Na zauna na jera abin a kaina. Yana ƙaruwa. Yana tashi daga wannan ya hau wancan. Yana sa susa. Na yi kitso shekara da shekaru kafin in kama suya, na san abu ɗaya tak da ke da waɗannan halaye uku, kuma a kan 'yan mata nake samunsa. Na gaya wa Mma ina jin kifayen ɗanta ƙwarƙwata suka yi. Ta ce in ji tsoron Allah.

Litinin, da hantsi

Yana motsi! Wallahi yana motsi!

Bari in bi a hankali. Na je wajen Baba Awalu na roƙe shi aron tabaransa mai ido ɗaya, wanda yake maƙalawa in zai duba hanjin agogo. Ya daɗe yana kallona, ya ce abin nan ko ɗansa bai taɓa riƙewa ba. Na ce to ya zo ya riƙe mini da kansa. Ya rufe tebur ya biyo ni yana gunaguni.

Na kamo Amarya a ƙoƙo da ruwanta, na kai ta rana. Baba ya maƙala mini abin a ido, ya ce in rufe ɗayan, in daina numfashi kamar saniya. Da farko hazo kawai na gani. Sai fiffiken ya fito, faffaɗa kamar tabarma, da jijiyoyinsa a jere. Ga ɗigon a tsakiya. Ashe ba ɗigo ba ne. Wata 'yar halitta ce mai siffar ƙwayar riɗi, tana manne, tana miƙewa tana tsukewa a hankali. Na yi ƙara har Baba ya kusa sakin ƙoƙon.

Ya karɓa ya duba da kansa. Ya yi tasbihi, ya ce shekara talatin yana leƙa cikin agogo bai taɓa ganin abin da ya leƙo shi ba. Muka yi ta karɓa-karɓa kamar yara da rake. Gani ya kori ji. Na kira Mma ta zo ta gani, ta ce idonta ba na wannan ba ne.

Da Iddi na nan da ya daka tsalle ya bugi rufin baranda. Na juya zan kira shi ma, har na buɗe baki.

To, na san sunan ciwo. Saura magani.

Talata, la'asar

Kwanon ya dawo yadda na kai shi. Mai tsaron ƙofar bai dube ni ba.

Laraba, bayan magariba

Mma ta kira ni ɗakinta ta ce in zauna. Ta ce ta ga ina ta neman magani, in dakata in ji. A garinsu, can arewa, in bala'i ya nufo mutum, wani lokaci dabbarsa ce ke tare masa. Ta ce shekarar da mahaifin Iddi ya kwanta har aka fid da rai, farin ragonsa ne ya faɗi ba ciwon komai, washegari mutum ya tashi ya nemi fura. Kowa ya ce ragon ya fanshe shi. Ba ta kiran sunan Iddi, ɗan fari ne, sai ta ce, "Kifin nan na yaron nan ne, shi ya kamo shi da jininsa. Yaushe baƙin ya fito? Ba bayan an tafi da shi ba? Duk ɗigo ɗaya, abu ɗaya ne da aka nufe shi da shi bai same shi ba. In kin cire, ina za shi?"

Na ce Mma, tsutsa ce, na gan ta da idona. Ta ce ta yarda tsutsa ce, wa ya aiko ta?

Na ce zan je in hura iska. Na taka famfon nan da haushi har robar ta yi tauri kamar dutse. Ina son tsohuwar nan, amma wani lokaci sai in ji kamar in ɗauke ta in girgiza.

Alhamis, azahar

Abin nema ya samu! Kuma ba wayona ba ne, gara in faɗi gaskiya.

An yi ruwa da safe, na tara a farar fantekata na ajiye a baranda don wanki. Na kamo Ɗan Kente a ƙoƙo zan duba ko tsutsar ta ƙaru. Sai aka buga ƙofar gida da ƙarfi, irin bugun nan. Hannuna ya karkace, na ruga. Ashe mai gawayi ne. Na tsaya na wanke shi tas, bawan Allah bai san laifinsa ba, na dawo na tarar ƙoƙo a kife, kifi babu.

Yana cikin fanteka, cikin ruwan sama. Iddi ya sha gaya mini ruwan daɗi guba ne a wurinsu. Kifin yana kwance gefe guda yana buɗe baki. Na ce shi ke nan, na kashe ɗaya da hannuna. Na tsamo shi na jefa a akwati ina ta salati. Ya nutse ƙasa, ya kwanta, ni ma na zauna a ƙasa. Can sai ya girgiza, ya miƙe, ya je ya kai wa Malam Shiru cizo kamar yadda ya saba.

Zan zubar da ruwan fantekar ke nan na ga ƙasanta. Farar fanteka, ga baƙin gari a warwatse. Na ruga ɗakin Baba Awalu ko ɗankwali babu. Ya zo da tabarau, muka duba: su ne, sun saki, sun kumbura, ba mai motsi. Muka koma kan Ɗan Kente, fiffikensa fes, sai ɗan tabo fari inda suka zauna.

Ashe kifi yana iya jure ruwan daɗi na ɗan lokaci, tsutsar ce ba ta iyawa. Baba ya tambaye ni minti nawa ya yi a ciki. Na ce ni ina na san minti, gwargwadon zagin mai gawayi dai. Da muka auna, ya zo daidai da soyuwar kasko ɗaya na ƙosai, a juya shi sau ɗaya a kwashe. Wannan awon ko a barci na san shi.

Na yi rawa a tsakar gida, ni kaɗai, babu kiɗa. Matan gida suka leƙo suna tsammanin labari ne ya zo daga can. Da suka ji kifi ne sai suka koma ciki.

Juma'a, da hantsi

Na yi wa Amarya, na yi wa Malam Shiru ko da yake nasa biyu ne kawai. Na ɗora kasko, na zuba ƙullu, na tsoma kifi; na kwashe ƙosai, na tsamo kifi. Duka sun tashi. Amarya har ta fito daga bayan dutse ta ci jatan landen da na daka mata.

Na kai ƙoƙo kan Direba, sai na ji an riƙe mini zane ta baya. Mma ce. Ban san ta iya tashi da sauri haka ba. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ukun nan naki ne, ban hana ki ba. Wannan ɗaya ki bar mini, 'yar nan. Shi ke nan gare ni." Ban san ko kifin take nufi ko ɗanta ba, ban kuma tambaya ba.

Na ce na yi alkawari a gabanta. Ta ce ta ji, ta kuma fi son ya dawo ya yi fushi.

Na ajiye ƙoƙon. Na ce a raina gobe ma rana ce.

Asabar, la'asar

Malam Iliasu, abokin tuƙin Iddi, ya zo da duro cike daga Sakunde, ban ma roƙe shi ba. Allah ya saka masa. Na kwashe yashin akwatin duka na zubar, don Baba Awalu ya ga tsutsar tana rarrafe a cikinsa. Na wanke duwatsu da ruwan sama, na zuba sabon ruwa. Tekun ya yi garau har ina ganin bangon bayansa. Direba na raba shi da sauran don kada ya sake shafa musu, na sa shi a babbar kwalbar alewa, na ja masa nasa tiyon iska. Kwalbar ba ta da tsawon da zai yi Kumasi Sakunde. Yana zuwa ya bugi gilashi ya tsaya.

Malam Iliasu ya sha koko a tsaye. Na tambaye shi ko ya ji wani abu. Ya ce, "Matar yaya, Litinin kotu za ta zauna. Mutum biyu sun ce sun gan shi a wurin rikicin, amma ƙarya ne paa, tsagwaronta, lorinsa kawai aka ɗauka haya." Na tambaye shi in ba a yarda ba fa. Ya dubi ƙasan kwanon, ya ce kokon ya yi daɗi.

Asabar, bayan magariba

Baba Awalu ya ce maganar fansa camfi ce, ba ta cikin littafi, in tsoma kifina. Na ce ai na sani.

Lahadi, bayan asuba

Fiffiken Direba ya yi baƙi kamar an barbaɗa masa toka, har kusa da ido. Bai ci ba tun shekaranjiya.

Mma ta fito alwala ta same ni tsugune gaban kwalbar. Ta daɗe a tsaye. Sai ta ce ta kwana tana istigfari, Allah ne mai tsarewa ba kifi ba, in yi abin da na ga ya dace, ta ɗauke hannunta. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Murna ta kama ni. Na ɗauko fanteka, na zuba ruwan sama, na hura wuta, na ɗora kasko, mai ya yi zafi. Na kamo shi a ƙoƙo, ko gudu bai yi ba. Na zuba ƙullu. Na kai ƙoƙon bisa fanteka.

Ba kowa a barandar. Ba wanda ya riƙe mini zane.

Na san tsutsa ce. Na gan ta tana miƙewa, na gan ta a mace. Na san kasko ɗaya ya ishe shi. Amma ina kallon baƙin nan sai na ji muryar tsohuwa: in kin cire, ina za shi? Gobe Litinin. Na ce wa hannuna karkata, ya ƙi. Na tsaya a haka har ƙosan ya ƙone, hayaƙi ya cika gida.

Na mayar da shi kwalba. Na ce jibi, in an gama zaman.

Litinin, la'asar

An ɗaga zuwa Alhamis. Daga nesa na hango Iddi. Ya rame, kuma yana riƙe hannun damansa da na hagu.

Talata, da hantsi

Ukun suna ta wasa. Ɗan Kente ya kori Amarya daga dutsenta. Na tara ruwan sama sabo. Ban taɓa shi ba.

Laraba, bayan asuba

Direba ya mutu. Na binne shi a gindin lemon tsakar gida kafin kowa ya tashi. Na wanke kwalbar na kife.

Alhamis, azahar

Ya dawo! Iddi ya dawo, ya dawo! Ɗaya daga cikin masu shaidar bai zo ba, ɗayan ya rikice, aka ce ya tafi gida. Malam Iliasu ne ya kawo shi a gaban lori yana ta danna ham tun daga kwanar masallaci. Zango duk ya fito. Na zubar da ƙullu, na taka shi, ban ma sani ba. Mma ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida cikin taɓo. An yanka kaji, mata sun ɗora shinkafa da wake, wani ya kawo rago ban san ko wane ne ba. Ina dariya ina kuka ina zuba wa mutane abinci a kwano ɗaya sau biyu. Bai samu ya zauna ba, hannu kawai yake ba mutane, na hagu.

Ya wuce ta baranda sau biyu, jama'a sun tare akwatin. Na gode musu a raina.

Juma'a, da hantsi

Da gari ya waye ya fito ya tsuguna gaban tekunsa. Ya daɗe. Ya leƙa bayan dutse, ya leƙa ɗaya gefen. Mma ce ta riga ni. Ta ce masa babban ya fanshe shi, baƙin ciwo ya fito masa tun bayan da aka tafi da shi, ya yi ta ɗauka har ya cika ana gobe za a sake shi, ya gode wa Allah. Iddi bai yi mata musu ba, ba ya yi mata musu. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta shiga ciki tana share ido.

Ya tambaye ni wane irin ciwo ne, sauran ba su kamu ba? Ni kuwa makonni ina ɗauke da labarin nan a baki ina jiran ranar da zan zuba masa. Na manta komai. Na ce sun kamu mana, duka! Na ba shi labarin hayaƙi da goron mahauci, ya yi dariya. Na aika aka karɓo tabaran Baba Awalu, na nuna masa farin tabon da ke fiffiken Ɗan Kente. Na kwatanta masa yadda tsutsar ke miƙewa, da yatsana. Na ba shi labarin mai gawayi da fanteka da kasko ɗaya na ƙosai. Idonsa ya dawo irin na da, yana cewa kai, Rakiya, kai, ko masuntan Sakunde ba su gaya mini wannan ba. Na ce ai abin ba wuya, na yi wa biyu cikin safiya ɗaya, ukun nan duka suka tashi.

Sai na ji abin da na faɗa.

Ya cire tabaran daga idonsa a hankali. Ya ce, "To shi fa?"

Da na iya cewa Mma ce ta hana, da ya yarda, da ma ba zai tambaye ta ba. Na ce, "Ruwan yana gabana, kifin yana hannuna. Tsoro na ji."

Ya ce, "Ke da kika ga tsutsar da idonki?"

Na ce ni ɗin.

Bai yi faɗa ba. Ya dubi gilashin ya ce ɗakin da aka sa su taku kaɗan ne daga bango zuwa bango, kullum yana zuwa yana dawowa, yana ce wa kansa ga shi ya zama Direba, in ya fita zai ba shi labari. Ya tashi ya jawo famfo zai hura iska, hannun ya ƙi riƙe tiyon. Na riƙe masa, ya taka. Robar ta cika.

Juma'a, la'asar

Ya ci abinci, yana barci, ina jin numfashinsa daga nan. Na karya masa alkawari, kuma ya san ni na karya. Raina yana ciwo a kan kifin nan fiye da yadda zan iya gaya wa kowa a gidan nan. Har yanzu na tabbata tsutsa ce kawai.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, da za a mayar da ni safiyar Lahadin nan, ƙoƙo a hannuna, fanteka a gabana, kwalbar zan sake mayar da shi.